Ƙarfen Gidan Dauda da Baƙon da Ya Zo Daga Tailan

Ina gaishe ku duka, iyayena da 'yan'uwana, a cikin sunan Yesu Almasihu wanda ya tara mu yau lafiya. Salamarsa ta zauna a kanku. Shugaban taro ya ce kada in ja magana, amma ya manta direba ya miƙa wa dama, kuma direban kirki ba ya sauke fasinja a rabin hanya. Ku ɗan yi haƙuri da ni.

Sunana Iliya Dauda. Na fito daga wani ɗan ƙauye tsakanin Zango da Babban Mutum, ana ce masa Gidan Dauda, da sunan mahaifina. Mutane kan yi mamaki idan aka ce akwai coci a ƙasar Daura wanda Hausawa zalla suke sujada a ciki. To akwai. Ƙarami ne, ginin ƙasa da rufin kwano. Saura ƙiris ni da hannuna in kwance wannan rufin in bar garin, kuma a kan haka na tashi ba da shaida.

Mahaifina ya kamu da kuturta tun yana saurayi. Ya taka da ƙafa har asibitin 'yan mishan, ya daɗe a can, ya dawo gida da gajerun yatsu da kuma bangaskiya. Daga baya wata Baturiya ma'aikaciyar jinya ta riƙa zuwa tana wanke wa mutane miki a gindin tsamiyar ƙofar gidanmu. A gindin tsamiyar nan aka fara sujada, kafin Baba da wasu mutum kaɗan su kwaɓa ƙasa su yi gini.

Masu bi a wajenmu ba a haɗe suke ba. Gida ɗaya a nan, biyu a can bayan gonaki, wani a hayin rafi, kuma ba mai agogo. Sai Baturiyar nan ta kawo guntun ƙarfen layin dogo, aka rataye a reshen tsamiya. Ita da Baba suka kafa doka: in kun ji ƙarfe ranar Lahadi, ku zo. In ba ku ji ba, kowa ya zauna gidansa, akwai dalili. Ko rafi ya kawo ruwa, ko sanƙarau ya shigo gari, ko dai wani abin da bai kamata a taru ba. Kuma ba a aiko yaro ya tambaya. Baba ba ya iya riƙe guduma, sai ya ɗaure ta a wuyan hannunsa da tsumma, haka ya yi ta bugawa har Allah ya karɓi ransa. Da ya rasu guduma ta dawo hannuna.

Sai ga shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu. Ba zan tsaya a gidan Allah in ce wani ya taɓa mu ba. Babu wanda ya ɗaga mana yatsa. Maƙwabtanmu Musulmi tare muka taso, tare muke gayya, in suna da suna mu je, in muna da rasuwa su zo. Amma kullum rediyo yana kawo labarin rikici a wasu garuruwa, kuma an ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. 'Yan'uwanmu na kudu da ke zuwa sujada daga Zango, malaman makaranta da mai kemis da wani bakanike, suka tattara suka tafi. Faston da muke da shi aka yi masa canjin wuri, ba a kuma turo wani ba.

Ni ma na shafa wa nawa gemun ruwa. Wata Asabar na kwance ƙarfen daga tsamiya na tura shi ƙarƙashin rumbu. Na ce wa matata Ladi, "Bari ƙura ta lafa. Wanda yake son Allah ai ya san hanyar coci, ba sai an yi masa ƙara ba."

Lahadi ta zo, daga ni sai Ladi sai yaranmu. Ta gaba ma haka. Damina ta wuce, rani ya wuce, wata daminar ta sake zagayowa, kujerun nan babu kowa sai gara. Na riƙa cewa a zuciyata, ashe dama bangaskiyar mutanen nan ta baki ce. Ashe Baba wahalar banza ya yi.

Akwai Goggo Jummai, ƙanwar mahaifina, da ke zaune a hayin rafi. Ita ce ta fi ba ni haushi, domin tare da Baba aka yi mata baftisma. Mukan haɗu a kasuwar Babban Mutum, in durƙusa in gaishe ta, ta ce, "Iliya, ya haƙuri?" In ce, "Da godiya, Goggo." Ta dube ni, in dube ta, kowa ya kama gabansa. Ni ina jin nauyin in tambayi babba don me ta daina zuwa coci. Ita kuma ba ta taɓa ɗauko zancen ba. Kun dai san halinmu da kara.

'Yan'uwa, baƙin ciki cuta ne! Kaina ya riƙa sara kamar ana faskare a ciki. Barci ya ƙaurace mini. Likita a Daura ya auna ni ya ce hawan jini ne, ya tambaye ni me nake sa wa a raina, na ce masa ba komai. Na zama mafaɗaci, abu kaɗan in hau Ladi da masifa, yara in sun ji ƙarar babur ɗina sai su watse. Addu'ata ta koma ta bakin akushi kawai, ita ma don kada yara su ga ban yi ba. A ƙarshe na yanke shawara: da zarar an gama girbi zan kwance kwanon coci, in kai Kano inda ƙanin Ladi ya samar mini fili, in rufa ɗaki da shi mu koma can. Har kafinta na yi wa magana. Ladi ta yi kuka ta ce, "Ka bari mu ƙara jira." Na ce mata wanda ya mutu ba a jiran sa.

Ana cikin haka wani kamfani ya zo kafa injin casar shinkafa kusa da Daura, suka ɗauke ni direba. Aikina in kai injiniyansu wajen aiki in dawo da shi masauki, wani lokaci mu je Kano ɗauko kayan inji. Wani ɗan gajeren mutum ne mai yawan murmushi, sunansa Samcai. Ma'aikata suka ce ɗan Caina ne. Ya ce a'a, shi mutumin Tailan ne. Sai kowa ya ce, "Au, ƙasar shinkafa!" Domin mu dai abin da muka sani game da Tailan bai wuce buhunan da ke shigowa ta kan iyaka ba. Nan take aka laƙaba masa Mai Shinkafa. In zai gaishe ka sai ya haɗa tafin hannuwansa a ƙirji ya sunkuya, ko da kai maigadi ne. Barkono kuwa, ban taɓa ganin mai cin sa kamar wannan bawan Allah ba. Mai tsiren Zango har tsoron sa yake ji.

Turancina na direba ne, nasa na injiniya, duka biyun guragu, amma suna kai mu inda za mu. Wata rana muna cin abinci a hanyar Kano na ga ya rufe ido ya sunkuyar da kai kafin ya sa hannu. Na ce masa, "Ai na ji an ce mutanenku addinin Buddha suke yi." Ya ce haka ne, kusan kowa da kowa, har da yawancin danginsa, amma shi mai bin Yesu ne. Da ya ji ni ma haka, sai ya ajiye cokali ya kama hannuna biyu-biyu. Ya ce tun da ya zo yake neman inda zai yi sujada.

Na ce, "Ka makara. Cocinmu ya mutu."

Ya ce, "Mutum nawa suka rage?"

Na ce, "Ni da matata da yara."

Ya yi dariya, ya ce, "Mu a wajenmu wannan ai taro ne."

Daga ranar, duk tafiyar da za mu yi sai ya ɗan gutsuro mini tarihin ikkilisiyarsu. Ni ina riƙe da sitiyari, ba inda zan gudu, dole in saurara.

Ya ce 'yan mishan sun iso ƙasarsu ta jirgin ruwa tun zamanin kakannin kakanninsa. Suka kawo magani, suka yi wa mutane lambar agana, suka kawo injin buga littafi. Mutanen Tailan suka karɓe su da fara'a, suka karɓi maganin, suka yi godiya, suka ci gaba da addininsu. Ya ce akwai waɗanda suka zo da ƙuruciyarsu, suka yi furfura, suka binne 'ya'yansu a can, ba su ga ɗan ƙasa ko ɗaya ya ba da gaskiya ba. Na ce, "To me ya zaunar da su?" Ya ce shi ma ya sha tambayar kansa.

Shi ɗan arewacin ƙasar ne, inda duwatsu suke. Ya ce a can mutum na farko da ya ba da gaskiya wani dattijo ne mai ilimi. Mutanensu sun ɗauka in rana ta yi husufi wani dodo ne ya haɗiye ta, sai a yi ta kaɗe-kaɗe don ya sake ta. Na ce, "Ashe har ku! Mu ma muna yara mun sha dukan gwangwani in rana ta kama wata." Ya ce to wani ɗan mishan ya gaya wa dattijon nan ranar da za a yi husufi tun kafin ta zo, aka kuma yi yadda ya faɗa. Dattijon ya ce in dai haka ne, bari ya ji sauran maganar mutumin nan. Daga nan wasu 'yan kaɗan suka biyo shi.

Sarkin yankin bai ji daɗi ba. Ya sa aka kama biyu daga cikin masu bin aka kashe. Sauran suka watse, shekaru suka wuce ba wanda ya ƙara kusantar 'yan mishan a fili. Sai daga baya babban sarkin ƙasar ya ba da izini kowa ya bi addinin da ya ga dama. Samcai ya ce kakansa kuturu ne, danginsa suka kore shi, 'yan mishan suka karɓe shi a wani tsibiri cikin kogi inda suke jinyar kutare. A can ya sami lafiya, a can ya ba da gaskiya, a can ya auri kakar Samcai. Da na ji haka sai na rage gudu. Na ce masa, "Ni ma haka ubana yake."

Labarin da ya fi shiga raina shi ne na lokacin babban yaƙin duniya. Ya ce aka wayi gari 'yan mishan duk sun fita daga ƙasar, wasu an tsare su. Aka rufe coci-coci, aka matsa wa masu bi su koma addinin gari, da yawa kuwa suka koma. Gidajensu na katako ne a kan dirkoki, ƙarƙashin gida nan ake ajiye shanu da kayan noma. Kakarsa ba ta yi karatu mai zurfi ba, ba kuma wanda ya naɗa ta komai, amma duk ranar Asabar sai ta ɗauki kwandon kayan lambu ta bi gidajen masu bi kamar mai talla, tana ce wa kowa, gobe muna nan. Ranar Lahadi su zauna a ƙarƙashin gidanta kusa da shanu su yi addu'a a hankali. Wata ranar a cika tabarma, wata ranar ita da mijinta kawai. Da yaƙi ya ƙare 'yan mishan suka dawo suna zaton za su fara daga tushe, sai suka tarar da ikkilisiya a tsaye da shugabanninta 'yan ƙasa. Ya ce har gobe su 'yan kaɗan ne a ƙasarsu, sai ka ratsa garuruwa ba ka ga coci ba, amma suna nan, kuma suna zaman lafiya da maƙwabtansu.

Na ce a raina, labari ne mai daɗi, amma kakarsa ba ta san mutanen Gidan Dauda ba.

Ya matsa sai na kai shi cocinmu. Na yi ta kawo uzuri har uzuri ya ƙare. Wata Lahadi, gero ya fara nuna, na ɗauko shi a kan babur. Da muka isa ƙofar coci sai ya tsaya ya cire takalmansa. Na ce, "Bar su, ƙasa ce, har da kashin awaki." Ya ce a ƙasarsu ba a shiga gidan babba da takalmi. Kunya ta kama ni, na cire nawa, Ladi ma ta cire nata.

Ya zauna ya dubi kujeru, ya leƙa ta taga ya ga gonaki ko'ina. Ya ce, "Ina gidajen mutanen?" Na nuna masa da hannu, can da can da hayin rafi. Ya ce, "To yaya suke sanin lokaci ya yi?"

Sai na shiga ba shi labarin ƙarfe, ina ma jin daɗi, domin ni ma yau ga ni da tarihin da zan bayar. Na gaya masa na Baturiya, da gudumar da Baba ke ɗaurewa da tsumma. Na lalubo Turancin da zan faɗa masa dokar, a hankali, kalma bayan kalma: in kun ji, ku zo, in ba ku ji ba, ku zauna gida, akwai dalili.

Ya ce, "Ina ƙarfen yanzu?"

Na ce, "Yana ƙarƙashin rumbu."

Sa'an nan ya ce, ba da faɗa ba, da murmushin nan nasa, "To Iliya, duk Lahadin nan da suka wuce, me kake gaya musu?"

Jama'a, ashe ni ne nake ce musu su zauna gida! Maganar da na sani tun ina yaro, sai da na faɗe ta da bakina ga baƙo cikin harshen aro kafin na ji ta. Ladi ba ta jin Turanci, ta ce, "Me ya ce?" Sai kawai na durƙusa a ƙasan nan.

Samcai ya durƙusa kusa da ni ya fara addu'a da harshensu. Ban ji komai ba sai sunan Yesu. Ni kuma bakina da ya daɗe a rufe ya buɗe. Na ce, "Ya Ubangiji, na ji tsoron abin da ban gani ba, na kuma yi fushi da mutanen da ban tambaya ba. Ka cire mini tsoron nan. In mutum ɗaya ne ya rage, ka ba ni ƙarfin kiransa." Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a ranar da aka binne Baba. Da muka ce amin, na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Ranar na yi barcin rana har Ladi ta zo tana duba ko lafiya.

Ban ɗauko ƙarfen nan da gaggawa ba. Cikin mako na je wajen mai unguwarmu, Malam Sule, wanda tare muka yi kiwon awaki muna yara. Na tarar da shi yana gyaran igiyar shanu. Bayan mun gaisa na ce, "Malam, na zo neman izini ne. Ina so in mayar da ƙarfen Baba kan tsamiya."

Ya ɗago kai ya ce, "Izini kuma? Wa ya ce ka sauke?"

Na ce, "Ba kowa. Na dai ga yadda zamani ya juya."

Ya ce, "Kai dai Iliya akwai ka da shawara kai kaɗai. Mu nan mun zaci ku kuka canza tsari, muka ce ba ma shiga abin da ba namu ba. Ƙarfen nan ya girme ni da kai. Ka dai kiyaye lokacin salla kamar yadda mahaifinka ya saba, shi ke nan. In wani ya yi magana ka turo shi wajena."

Lahadi da safe na jawo ƙarfen daga ƙarƙashin rumbu, duk ya yi tsatsa, kaji sun yi ƙwai a bayansa. Na rataye shi. Da na ɗaga guduma sai ta suɓuce ta faɗi. Ladi ta kwance ɗankwalinta na ciki ta ɗaure mini ita a wuyan hannu. Na buga. Na sake bugawa. Tsuntsayen tsamiya suka watse.

Muka shiga muka zauna, ni da Ladi da yara da Samcai. Shiru. Na ce a zuciyata, ko ba wanda ya zo na dai kira. Muka fara waƙa.

Muna tsakiyar waƙa haske ya ragu a bakin ƙofa. Goggo Jummai ce, da sandarta, zanenta jiƙe har gwiwa don ta ratso rafi. Bayanta ga ɗanta da matarsa, can kuma cikin gero ina hango kawunan wasu suna tafe. Ta tsaya tana haki, ta dube ni ta ce, "Iliya, an samu lafiya ke nan?"

Na ce, "Goggo, dama lafiya lau ake."

Ta ce, "Dama?" Ta daɗe tana kallona. "Kai ɗan nan, Allah ya shirye ka. Duk Lahadin duniya sai na yi wanka na ɗaura zanen nan na zauna a bakin ƙofa ina kasa kunne. In rana ta take in tashi in cire. Na ce yaron nan yana yawo a mota, ya san abin da ba mu sani ba, kada mu je mu ja masa fitina."

Ta wuce ni ta je ta zauna a kujerar da ta saba zama, ta kakkaɓe ƙurar da gefen zanenta.

Bayan girbi kafinta ya zo da kayan aikinsa kamar yadda muka yi, na sa shi ya hau ya toshe inda ke yoyo. Samcai ya gama aikinsa ya koma ƙasarsu. Kafin ya tafi Goggo ta ba shi ƙullin barkono, ya karɓa da hannu biyu ya sunkuya. Har yau ba a turo mana fasto na zama ba, mu muke jan sujada a tsakaninmu, kuma ba mu da yawa. Ina shan maganin hawan jinina, ban daina ba, amma likita ya ce ya sauka, kaina ya bar sara, yara kuma sun daina gudu in sun ji babur.

Na gode wa Allah da ya ɗauko mutum daga ƙarshen duniya, jikan kuturu, ni kuma ɗan kuturu, don ya yi mini tambaya ɗaya. Na gode masa da ya fisshe ni daga tsoro da ɗacin rai kafin in kwance rufin da ubana ya ɗora. Yabo ya tabbata ga sunansa!

Ɗan'uwana, 'yar'uwata, in kana ganin kai kaɗai ka rage, kada ka yi saurin kiran kafinta. Ka dogara ga Ubangiji, ka je ka duba abin da ka tura ƙarƙashin rumbu. Mai yiwuwa akwai wanda ya yi wanka tun safe yana zaune a bakin ƙofa yana jiran ya ji ka. Allah ya riƙe mu duka, cikin sunan Yesu. Amin.